Fil ɗin ɗankwali ya wuce wa 'yata ta baki, yanzu kuma ta ce ba ta jin komai

Ummu Faisal, Jidda (Lahadi, 8:10 na safe)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya sani ya amsa mini da wuri, ina rubutun nan hannuna na rawa.

'Yata ce, shekararta 14, sunan surukata ta ci shi ya sa muke ce mata Ummi. Wajen ƙarfe shida da rabi tana gaban madubi tana naɗa ɗarha, wato mayafin kai, za ta tafi madrasa. Kun dai san yadda 'yan matan nan suke yi, har da mu iyayen, kar in ɗora musu su kaɗai: hannu biyu na kan mayafi, fil kuwa a baki. Guda uku ta danne a leɓe, dogayen dabbus ɗin nan masu ɗan kan roba kamar dutsen ado, da ake sayar da kwalinsu a shagunan abu riyalaini, na kayan riyal biyu. Ƙaninta ya leƙo ya faɗi wani shirme, ta ɗaga kai ta tuntsire da dariya. Ina kicin na ji tari, irin wanda yake tashi tun daga cibiya. Kafin in iso tana durƙushe, ido ya kaɗa ya yi jawur, hawaye shaɓe-shaɓe. Biyu na kan tayil. Na ukun mun share ɗakin sau biyu, mun kaɗe darduma, mun zazzage abaya, babu shi babu dalilinsa. Ita kuma ta rantse ta ji wucewarsa.

Tarin ya yi kamar minti biyar sannan ya lafa. Yanzu tana zaune tana magana ras, numfashi lafiya lau, har da roƙon in bar ta ta tafi wai suna da jarrabawar lissafi. Jefi-jefi dai tana ɗan gyaran murya.

Hajiya Babba, surukata, tare muke zaune. Ta ce kar in tayar da hankalin kowa, a ba ta ayaba da tsakiyar burodin tamis, sannan a jiƙa auduga da madara ta haɗiye, audugar za ta naɗe bakin fil ɗin ya fita a bayan gida. Ta ce haka aka yi wa wani yaro a unguwarsu a Kano da ya haɗiye allura. Wajen bakwai da rabi, kafin in ankara, ta riga ta ba ta rabin ayaba. Audugar ce na ce a ɗan dakata.

Abban Faisal ya ɗauki 'yan umara zuwa Madina tun jiya, sai gobe da dare zai dawo. Na kira shi, ya ce in bi abin da Hajiya ta ce, in ya dawo sai a duba. Ga shi ni ban iya musu da Hajiya a gaban yara. Ga katin ta'amin ɗinmu, wato inshorar lafiya, ya ƙare tun watan jiya, inda yake aiki ba su sabunta ba tukuna.

To in jira ne? Tunda ba ta jin ciwo, ba yana nufin ya sauka ciki ba?

Anti Nas, Makka (8:16)

Wa alaikumus salam. Kar ki jira. Kar a ƙara ba ta komai, ko ruwa. Babu auduga, babu burodi, kar a sa ta yin amai, kar a bubbuga mata baya. Ki ɗauki ɗaya daga cikin biyun da suka faɗi ki sa a jaka, ki kai ta ɗawari, wato sashen gaggawa, na babban mustashfa, ba ƙaramin mustausaf, asibitin unguwa, ba. Ta zauna a tsaye a mota, kar ta kwanta. In numfashi ya canja ko kika ga jini a kaki, 997 za ki kira, Hilal Ahmar, masu motar asibiti, su zo. Ki tashi yanzu, bayanin zan rubuto miki ki karanta a hanya.

Hajiya ta Misfala (8:25)

Allah ya ba ta lafiya, ya kiyaye gaba. Ni dai ɗiyata, ban ce kar ki je asibiti ba, amma kar ku mayar da surukarki kamar wadda ba ta san abin da take faɗi ba. 'Ya'ya bakwai na haifa a garin nan. Na huɗun ya haɗiye kwabon halala hamsin yana shekara uku, autana ya haɗiye ƙwallon dabino ba sau ɗaya ba, akwai wadda ta haɗiye maɓallin riga. Ba wanda na kai ko'ina. Ayaba da fate muka ba su, muka riƙa duba fo da tsinke, duk suka fita. Yaran yanzu abu kaɗan sai a ce minzar, bututun leƙa ciki, sai a ce banj, maganin sa barci. Shi banj ɗin wasa ne? Ni tsoronsa nake ji ya fi na fil ɗin. Wanda ya riga ka barci dai ya riga ka tashi.

Anti Nas, Makka (8:41)

Hajiya, Allah ya ƙara girma, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma littattafanmu ma haka suka ce. A cikin abubuwa goma da aka haɗiye suka isa tumbi, takwas zuwa tara suna fita da kansu. Ɗaya ko biyu ne suke buƙatar minzar, wanda zai kai ga a tsaga ciki kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Halala da maɓalli da ƙwallon dabino duk sumul suke. Ayabar ba ta yi aikin komai ba, da ma hanyarsu suka bi.

Amma na Ummi daban ne ta fuska biyu. Shekara tara ke nan ina aiki a sashen minzar, kuma fil ɗin ɗarha ba baƙonmu ba ne, har mun san lokacinsa: safiyar makaranta da daren biki.

A bayan harshe hanya ta rabu biyu. Ta baya ita ce ta abinci, ta tafi tumbi. Ta gaba ita ce ta iska, ta sauka ƙirji ta sake rabuwa dama da hagu zuwa huhu. In mutum yana haɗiya, akwai ɗan murfi da yake rufe ta iskar. In kuwa dariya yake ko magana, a buɗe take wayam, ga kai a ɗage, ga iska ana ja. Shi ya sa da yawa daga cikin fil ɗin da muke gani ba haɗiye shi aka yi ba, shaƙe shi aka yi. Tarin minti biyar da Ummu Faisal ta faɗa shi ne ya tayar mini da hankali. Abin da ya bi hanyar abinci ba kasafai yake kawo irin wannan tarin ba. Lafawar da ya yi kuma ba sauƙi ba ne. Saman hanyar iskar ne yake da saurin jin taɓi, in abu ya wuce nan ya samu wuri ya lafe a ƙasa, sai jiki ya yi shiru. Fil siriri ne, iska tana wucewa ta gefensa, shi ya sa take numfashi lafiya. Akwai waɗanda suke yin makonni a haka, sai zazzaɓi da ciwon huhun da ba ya jin magani su kawo su. In a huhu yake, ko kwandon ayaba ta cinye ba za su haɗu ba, ba layinsu ɗaya ba.

Kuma yawanci kan robar ne a ƙasa, tsinin yana kallon sama. Kowane tari yana iya cusa tsinin a bangon hanyar, kowane jinkiri yana ba shi damar gangarawa can ƙasa inda hanya ta tsuke, inda kayan aikinmu suke wahalar kaiwa. Wanda ya yi nisa sosai shi ne wani lokaci sai an buɗe ƙirji.

To a ce ma ta abinci ya bi. Abu mai tsini da ya tsaya a maƙoshi ba ya kwana, cikin awa biyu zuwa shida ake so a cire. In yana tumbi, a cire cikin awa 24 tun bai shige hanji ba. In ya riga ya shige, sai a bi shi da hoto kullum, in ya yi kwana uku wuri ɗaya ko ciwon ciki ya taso, sai tiyata. Duk wannan ba a sanin wanne ne sai da asha'a, wato hoton X-ray, ta gaba da ta gefe. Ƙarfe yana fitowa ƙarara, kamar an ja layi da farin alli.

Yadda ake cirewa, don hankalinki ya kwanta Ummu Faisal: babu yanka. Za a sa ta barci, likita ya zura bututu mai fitila da kyamara ta baki, ko na ƙarfe miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa, ya zura ɗan siririn hantsaki ta cikinsa, ya kama wajen tsinin, ya janyo shi cikin bututun don kar ya karce hanya wajen fitowa. Hajiya, ba kuma abin yaran yanzu ba ne. Tun 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya ciro guntun ƙashi daga hanyar iskar wani manomi ta haka.

Banj ɗin da kike tsoro, abin da yake sa shi haɗari shi ne cikakken ciki, don mai barci yana iya amai ya koma masa huhu. Shi ya sa ake so a yi awa shida ba a ci abinci ba in hali ya bari. Ki ga ke nan ayabar jinkiri za ta jawo. Ummu Faisal, ki faɗa musu ainihin lokacin da ta ci, kar ki ɓoye don kunyar Hajiya.

Abu Yasir, Karantina (9:02)

'Yar uwa, maganar ta'amin kar ta tsayar da ke. Ni dai ranar da na shiga ɗawari da ɗana a kafaɗa, sai da suka shige da shi sannan aka zo tambayata takardu. Kuɗi ana ranto shi.

Bari in faɗi nawa don masu ƙananan yara, ko da yake ba fil ba ne. Kun san ɗan carbin nan na lantarki da ake sa wa a yatsa, wanda alhazai suke saye jaka-jaka na tsaraba. Gidana cike yake da su, da fitilun wasa, da rimot na mota tunda tuƙi nake. Yasir yana shekara biyu da rabi lokacin. Na canja batirin makullin mota, mai faɗin nan kamar kwabo da aka rubuta 2032 a jikinsa, na ajiye tsohon a kan tebur na ce ai ya mutu. La'asar ce. Da magariba yaro ya ƙi abinci, yawu na dalala, yana ta nuna wuya. Uwarsa ta ce haƙori ne ko mura. Sai da na zo zubar da batirin na neme shi na rasa, gabana ya faɗi.

A hoton farko wani matashin likita ya ce kuɗi ne, wataƙila riyal ɗin ƙarfe. Babbansu ya zo ya ƙara girman hoton, ya nuna mini zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya ce kuɗi ba ya yin haka, batir ne. Daga nan gudu suka koma yi. Ba su jira awa shidan da Anti Nas ta faɗa ba. Ya ce mini batir in ya maƙale a maƙoshi, lantarkinsa da yawu suna haɗuwa su zama kamar sodar da ake sabulu da ita, tana cin nama, cikin awa biyu ɓarna ta fara. Wanda na ce ya mutu, ashe bai iya buɗe mota ba ne kawai, amma yana da sauran ƙarfin ƙona yaro. Da suka ciro shi ya yi baƙi ƙirin. Kwana tara muka yi, ana ba shi abinci ta hanci, daga baya sau biyu muna komawa ana buɗa masa wurin da ya tsuke. Yanzu yana aji biyu, yana cin kabsa kamar ba shi ba, alhamdu lillahi. Amma har yau in na ga batir a ƙasa, ko a gidan wani ne, sai na duƙa na ɗauka.

Anti Nas, Makka (9:15)

Allah ya raya shi Malam. Tunda ka kawo batir, wuri ɗaya ke nan da dokar "kar a ba shi komai" take da togiya. In yaro ya cika shekara 1, kuma bai wuce awa 12 da haɗiyewa ba, kuma yana iya haɗiya, a ba shi zuma cokalin shayi biyu duk minti 10, har sau 6, a mota ana tafiya. Tana rage ƙunar ne kawai, ba ta cire shi, kar a tsaya neman zuma a bar tafiya. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma sam. Wannan na batir ne kaɗai, ba na fil ba, kar wata ta haɗa.

Ummu Faisal, Jidda (10:50)

Muna mustashfa. Ɗan maƙwabciyarmu ne ya kawo mu. Na karanta wa Hajiya abin da Anti Nas ta rubuta, ba ta ce uffan ba, ta dai ɗauki mayafinta ta riga mu fita. An yi asha'a. Yana huhun hagu, na gan shi da idona, a tsaye a karkace. Ƙafafuna sai da suka ƙi ɗaukata. Sun ce tunda numfashinta lafiya za su jira sai ɗaya da rabi saboda ayabar. Ku sa mu a addu'a.

Ɗan Mai Wurno, Riyad (11:30)

Allah ya sa a yi a sa'a. Ku gode wa Allah ƙarfe ne, yana fita a hoto. Mu can gida Sudan, bakin Nilu, abin da ya fi kama yara gyaɗa ce da tasali, 'ya'yan kankanar nan da ake soyawa da gishiri. Lokacin cirar gyaɗa yara cikinta suke wuni. Ɗan yayata yana shekara biyu ya ƙware da ita, ya yi tari ya daina, aka ce shi ke nan. Wata guda ana yi masa maganin nimoniya, ta tafi ta dawo, kuma kullum ɓangaren dama. Hoto bai nuna gyaɗar ba, don ita ba ta fita. Sai wani likita a Madani ya tambayi yayata, ya taɓa ƙwarewa da wani abu? Sannan ta tuna. Da aka shiga, ta kumbura ta ruɓe, man da ke cikinta ya sa wurin ya yi tsiro, gutsi-gutsi aka fito da ita. Likitan ya ce yaron da bai kai shekara biyar ba kar a ba shi gyaɗa ƙwaya, bai iya niƙa ta sosai ba, a daka masa ko a ba shi dakwa. Yayata ta ce to, amma a ƙauyen da gyaɗa ce a tsakar gida har soro, wa zai iya tsare yaro?

Hajiya ta Misfala (12:05)

La haula. To ni ban san tana iya bin ta huhu ba. Allah ya tashi kafaɗarta. Akwai wasu maƙalai na maganaɗisu da jikokina suke sa wa yanzu maimakon fil, ku nema.

Anti Nas, Makka (12:20)

Suna da kyau Hajiya, ni ma su nake sa wa a wurin aiki. Sai dai gidan da yake da mai rarrafe a ɓoye su sama. Guda ɗaya in an haɗiye yakan wuce, amma biyu suna neman juna ta cikin hanji, su matse bangon a tsakaninsu har ya huje, yaro kuwa ba zai nuna komai ba a farko.

Ummu Faisal, Jidda (Litinin, 9:30 na dare)

Alhamdu lillahi mun dawo gida ɗazu bayan la'asar. Ku yi haƙuri ban leƙo ba, jawwal ɗina ya mutu, ni ma kusan haka.

Biyu saura kwata suka shiga da ita. Ban san tsawon da aikin ya ɗauka ba, na dai san na idar da azahar a wani lungu, na zauna, na tashi, na sake zama, Hajiya kuma ta ja carbi har ya kai inda ba ta ƙirgawa. Likitan ya fito ya ce tsinin ya ɗan shige bango, sai da ya tura shi ƙasa kaɗan ya kuɓutar da shi sannan ya janyo. Ya tambaye ni me ya sa muka yi awa uku a gida. Na sunkuyar da kai. Fil ɗin da na zo da shi a jaka ya karɓa tun farko, ya ce ya taimaka masa sanin tsawon da irin kan, don kan robar bai fito a hoto ba. Anti Nas, Allah ya biya ki da gidan Aljanna.

Ta farfaɗo tana kukan maƙogwaro, murya kamar ta tsohon zakara. Da daddare ta yi kaki da ɗan jini sau biyu, nas ta ce ba komai, na karcewar ne. Da safe aka sake hoto don a tabbatar iska ba ta zuba a gefen huhun ba, aka sallame mu. Sun ce in zazzaɓi ya zo ko ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya mu koma nan take. Maganar kuɗin kuwa Abban Faisal ya baro Madina tun a daren, yana can yana fama da mutanen wurin aikinsu, wannan labarin wata rana ne.

Abin da Ummi ta fara tambaya da ta dawo hayyacinta shi ne ko za a bar ta ta rama jarrabawar. Ƙaninta kuma tun jiya bai yi wa kowa magana ba, yana ganin shi ya jawo, sai lallashinsa nake.

Sun ba mu fil ɗin a 'yar kwalba mai jan murfi. A mota Hajiya ta ce a miƙo mata. Ta sa tabarau, ta ɗaga shi wajen taga, ta jujjuya, ta daɗe tana kallo. Can ta juyo ta ce wa Ummi, "Ke kishiya, wannan mai koren kan ai nawa ne. Wata biyu ina cigiyar kwalin nan, ashe ke kika ɗauke."